Jar Ciyawar Teku da Yadda Take Yaɗuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Nguru, ko a gaɓar Kogin Yobe a Gashuwa, ya san gansakuka, wato koren abin nan mai santsi da ke kwanciya a kan ruwa. Gansakuka tana da dangi a cikin teku. Daga cikinsu akwai jar ciyawar teku, wadda ake nomawa a ƙasashe masu zafi.

A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, an fara nomanta don sayarwa a shekarar 1989, da irin da aka kawo daga Filifin. Yawancin manoman mata ne. Sukan yanki reshe su ɗaura a jikin igiya cikin ruwa marar zurfi, bayan kamar mako shida su girbe. Daga busasshiyar ciyawar ake fitar da wani sinadari mai sa kauri, wanda ake zubawa a askirim da man goge baki.

Wannan dashe ya yi kama da yadda ake dasa rogo ko rake. Amma ciyawar tana da tata hanyar haihuwa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya kamar geron da ake shukawa a Jajimaji. A maimakon haka, takan saki ƙwayoyin haihuwa, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Ƙwayoyin ba sa iyo da kansu. Ruwa ne ke ɗaukar su. Wadda ta dace ta sauka a kan dutse sai ta manne, ta rabu gida biyu, biyun su zama huɗu, har ta zama ɗan faifai shimfiɗe. Daga tsakiyar faifan ne tsiro ke miƙewa, daga bisani ya yi rassa. A wannan lokaci tsiron yana da rauni ƙwarai. Laka tana iya binne shi, ƙananan halittun ruwa kuma suna iya cinye shi.

Me ya sa masana suka damu da hanyar da ke da jinkiri haka? Dalili shi ne, reshen da aka dasa halin uwarsa yake ɗaukowa, ƙarfinta da rauninta duka. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, cuta takan sa rassan su yi fari su kakkarye, kuma gonaki masu iri ɗaya sukan kamu tare. Tsirran da suka fito daga ƙwayoyin haihuwa kuwa sukan bambanta da juna. A cikinsu ne ake fatan zaɓo masu jure zafi, domin kada sana'ar matan nan ta durƙushe.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka fara noman ciyawar teku a Zanzibar?
2. Bayyana yadda ƙwayar haihuwa take zama tsiro.
3. Kawo amfanin gona biyu da ake dasawa a garinku.