Gishiri Ba Ya Ɗumama Ƙanƙara

Duk sanda hunturu ya kankama a Amurka da Turai, sai kafafen labarai su cika da hotunan manyan motoci suna barbaɗa gishiri a kan tituna. Amurka kaɗai tana zuba kusan tan miliyan 20 a shekara. Sai ka ji mai sharhi yana cewa wai gishirin zafi yake ba ƙanƙara ta narke. Sam, ba haka ba ne.

Ruwa zalla yana daskarewa ne a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, ruwan gishiri kuwa sai sanyi ya zarce haka, shi ya sa gishiri ke narkar da ƙanƙara. Narkewar kuma ba kyauta ba ce: kowane giram na ƙanƙara sai ya zuƙi jul 334 na zafi daga abin da ke kewaye da shi. Saboda haka ƙanƙarar tana narkewa, haɗin yana ƙara sanyi, har ya kai kusan digiri 21 ƙasa da sifili.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka binne tarihin wannan ilimi. Tun a ƙarni na 13 Ibn Abi Usaibi'a, likitan Dimashƙa, ya kawo bayanin sanyaya ruwa da irin gishirin da ake haɗa albarushi da shi. A 1589 Giambattista della Porta na Napoli ya rubuta yadda ake haɗa wannan gishirin da dusar ƙanƙara. Shi kansa sifilin ma'aunin Fahrenheit, wanda Amurkawa ke riƙe da shi har gobe, daga haɗin ƙanƙara da ruwa da gishirin amoniya mai shi ya samo shi, kamar yadda ya bayyana a 1724. Injin askirim na hannu da Nancy Johnson ta yi wa rajista a 1843 ma da gishiri da ƙanƙara yake aiki, ba lantarki.

Amma ɗalibanmu na sakandare haddar lissafin wannan ilimi suke yi a allo, a ce musu babu ɗakin gwaji. Wane ɗakin gwaji? Ƙanƙarar leda, gishirin miya, da kwano. A dai hana yara ɗora haɗin a fata, domin tsananin sanyinsa yana ƙona ta ƙwarai. Malaman kimiyya da jami'an ma'aikatun ilimi, wannan kam ba ku da uzurin kasafin kuɗi. Ku gwada shi a aji a wannan zangon.