Me Ya Sa Zafin Bazara Ke Ka Da Mutum?

Manoma, kun san yadda randa ke sanyaya ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ya tafi da zafi. To, haka gumi ke yi wa jikin mutum.

Amma da bazara, in iskar kudu ta taso daga teku, ɗauke take da tururin ruwa, ba ta karɓar wani sai kaɗan. Gumi sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, zafi ya tsaya cikin jiki.

Hayaƙin kwal da man fetur ya ɗumama duniya fiye da digiri 1, shekarar 2024 kuwa ta fi duk na bayanta da aka auna zafi. Kowane digiri 1 yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Watau zafi da laima tare suke hauhawa.

Saboda haka ranar da gumi ya ƙi bushewa, a yi sharar gona da sassafe, a sha ruwa sosai. Wanda jiri ya kama, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita.

Allah ya ba mu damina mai albarka.