Dalilin Janyewar Ayarin Ceto Na Ƙasashen Waje Bayan Babban Bala'i

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan magana kuwa ta dace da ayarin ceto da ƙasashe ke aikawa inda bala'i ya auku. Ran 12 ga Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti. Baƙi suka zo da karnuka da na'urori, suka fid da mutum 132 da rai, amma bayan kwana goma sai gwamnati ta rufe neman masu rai. Haka aka yi a Nepal a 2015. Wanda ɗansa ke ƙarƙashin gini yakan ɗauka an yashe shi ne, alhali kuwa akwai dalilai.

Na farko shi ne lokaci. Wanda gini ya danne, ƙishirwa da rauni ba su barinsa ya daɗe. Mafi yawan waɗanda ake samu da rai cikin awa 72 na farko ake samunsu. Bayan mako guda, sai ɗai ɗai.

Na biyu shi ne guzuri. A 1991 aka kafa ƙungiyar INSARAG a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Bisa ga ƙa'idarta, kowane ayari zai zo da abincinsa da ruwansa: babba na kwana goma, matsakaici na kwana bakwai. In guzuri ya ƙare, mai ceto ya zama nauyi a kan wanda ya zo ceta.

Na uku, bukata takan sake. Sa'ad da neman masu rai ya koma haƙo gawa, abin da ake so shi ne likitoci da tantuna da ruwa mai tsabta, kuma filin jirgin sama ɗaya ne za su bi. Suturta mamata kuwa hakkin 'yan ƙasa ne, bisa addininsu da al'adarsu. Har wa yau, baƙo da gayyatar gwamnati ya shigo, da sallamarta zai fita.

To, ina ruwan mutumin Lambara da wannan? Ƙasar Sakkwato ba a san ta da girgizar ƙasa ba, amma ta san ruwa. A 2010 gulbin Rima ya yi ambaliya ya ci garuruwa da gonaki. A Afrilu 2022 kwalekwale ya kife a ƙasar Shagari, mutum fiye da ashirin suka rasu. Wanda ya nutse, mintoci ke gare shi, ba kwanaki ba. Kafin taimako ya iso daga Sakkwato, balle daga Turai, magana ta ƙare. Ko a Kobe ta Japan, a girgizar 1995, maƙwabta ne suka ceci mafi yawan waɗanda suka tsira daga ƙarƙashin gini.

Saboda haka abin da ya kamaci hukuma shi ne ta horad da masunta da matasan ƙauye, ta tanadi rigunan ruwa a kowace mashiga, ta hana lodin da ya wuce kima. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.