Likitan Haƙori a Ingila: Hanyar Mallakar Asibiti Ta Hannun Mutane Take Bi

Yawancin asibitocin haƙori da ke bakin titunan Ingila ba na gwamnati ba ne, ko da kuwa an kafa allon NHS a ƙofarsu. Na mutum ɗaya ne, ko na abokan tarayya, ko na kamfani, waɗanda suka karɓi kwangilar duba jama'a daga NHS, hukumar lafiya ta ƙasa. Tun da aka kafa NHS a 1948 haka tsarin yake, likitocin haƙori na unguwa 'yan kwangila ne masu cin gashin kansu. Shi ya sa asibitin haƙori ya zama kadara da ake saye ake sayarwa, kuma burin matasa da yawa a wannan sana'a shi ne wata rana su riƙe makullin nasu.

Kafin a kai nan akwai tafiya. Ɗalibi yana shekara 5 a jami'a, sannan ya yi rajista da GDC, hukumar da ke kula da masu sana'ar tun 1956. Daga nan sai horon shekara 1 a ƙarƙashin gogaggen likita, wanda ke ba shi damar shiga jerin masu duba marasa lafiyar NHS. Bayan wannan, akasarinsu sukan kama aiki a asibitin wani bisa tsarin rabo. Maigida ne da gini da kujera da kayan aiki, shi ke biyan nas da mai karɓar baƙi. Matashi kuwa hannunsa da iliminsa ya kawo. Abin da ya shigo sai a raba, sau da yawa rabi da rabi ko kusa da haka, kuɗin masu haɗa haƙoran roba ma a raba shi.

A waɗannan shekaru ne matashi ke gane cewa iya ciko da cire haƙori rabin sana'ar ne kawai. Ɗaya rabin lissafi ne. Tun 2006 da maki ake auna aikin NHS a Ingila: duba baki da wankin haƙori maki 1, ciko ko cirewa maki 3, haƙoran roba ko rufin haƙori maki 12. A 2022 an yi gyara, aka ƙara matakin maki 5 da na 7 domin ayyuka masu wahala. Kowane asibiti yana da adadin makin da ya yi alkawarin cikawa a shekara, in ya gaza kai kashi 96 cikin 100 sai hukuma ta karɓe kuɗin abin da bai yi ba. Wanda bai fahimci wannan ba tun yana ƙarƙashin wani, ranar da ya zama maigida zai sha mamaki.

Me ake saya idan an sayi asibiti? Kujeru da injin ɗaukar hoton haƙori da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta suna da farashinsu, amma a mafi yawan ciniki su ne ƙaramin kaso. Babban kuɗin na suna ne da jama'a, wato mutanen da suka saba zuwa duk bayan wata shida ko shekara, da iyalan da kaka da jika duk likita ɗaya ke duba su. Waɗannan mutane babu takardar da ta ɗaure su. Mutum ba ya buɗe bakinsa ga allura da injin huda sai ga wanda ya yarda da shi, in sabon likita bai kwanta masa ba, gobe sai ya koma wani wuri. Mai saye yana biyan kuɗi ne a kan amanar da wani ya tara, kuma ba ta komawa hannunsa sai mai ita ya miƙa masa da kansa, ya gabatar da shi ga jama'arsa.

A nan ne matashi ke da abin da manyan kamfanoni ba su da shi. Tun da aka sassauta dokar mallakar asibitin haƙori a 2006, kamfanoni suka shigo da ƙarfi. Kamfanin mydentist yana da ɗaruruwan asibitoci, kamfanin Bupa kuma ya sayi rukunin asibitocin Oasis a kan fam miliyan 835, cinikin da aka kammala a 2017. Matashin da ke neman rancen banki ba zai ja da irin waɗannan a wajen kuɗi ba. Sai dai kamfani yakan riƙe wani ɓangare na kuɗin, ya gindaya wa mai sayarwa sharaɗin ci gaba da aiki na wasu shekaru tare da cika wani adadi. Dattijon da ya shekara 30 a wuri ɗaya, ya san 'ya'yan ma'aikatansa da suna, ba lalle ne wannan ya yi masa daɗi ba. Wani ya fi son ya ga wanda zai gaje shi ido da ido, ya san hannunsa, ya san halinsa. Irin wannan ciniki sau da yawa ba ya kai wa ga dillali, a tsakanin mutum biyu da suka san juna ake gama shi.

To ina ake haɗuwa da irin wannan dattijo? Kowane yanki yana da kwamitin likitocin haƙori da ke wakiltar masu aikin NHS, kuma masu asibiti ne suka fi cika zamansa. Ƙungiyar likitocin haƙori ta BDA, wadda aka kafa a 1880, tana da rassa da ke shirya laccocin yamma. Doka ma ta taimaka, domin GDC ta wajabta wa kowane likita awa 100 na ƙarin ilimi a cikin shekara 5. Ana iya yin da yawa daga ciki ta intanet, amma mai wayo yakan zaɓi zuwa da ƙafarsa, ya zauna kusa da wanda ya girme shi da shekara 25, su sha shayi tare. Akwai kuma babban taron baje kolin sana'ar da ake yi duk shekara a Bamingham. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ake gani a kai a kai shi ake tunawa ranar da magana ta taso.

Wasu kuma da matasa ke rainawa sun fi kowa sanin labari. Wakilin kamfanin sayar da kayan aiki yana zaga asibitoci da dama a mako, ya san wanda ya daina sayen sabon inji saboda yana shirin ajiye aiki. Mai haɗa haƙoran roba yana ganin aikin kowa a kan teburinsa, ya san likitan da ma'auninsa ke fita daidai da wanda kullum sai an sake. Nas-nas suna sauya wurin aiki, suna tafiya da labarin wanda ke daka musu tsawa da wanda ke gode musu. Akantoci da lauyoyin da suka ƙware a harkar haƙori, waɗanda har ƙungiya gare su mai suna NASDAL, su ake fara tuntuɓa kafin a sa asibiti a kasuwa. Kafin matashi ya buɗe baki ya ce yana so, waɗannan sun riga sun ba da shaida a kansa.

Maganar kanta tana da ladabi. Ba a tarar dattijo ranar farko a tambaye shi yaushe zai yi ritaya. Ana fara neman shawararsa a kan aiki mai wuya, a riƙe masa asibiti idan ya tafi hutu, a bari ya ga yadda ake mu'amala da jama'arsa. Kamar yaron shago ne a Kantin Kwari: ubangida ba ya sallamarsa da jari sai ya yi shekara da shekaru yana lura da yadda yake riƙon kuɗi da abokan ciniki. Sirri ma wajibi ne, domin in ma'aikata da marasa lafiya suka ji ƙishin-ƙishin sayarwa kafin lokaci, wasu za su watse, darajar asibitin ta faɗi.

Amma sabo ba ya hana bincike. Ko maigidan da ya koya maka aiki ne ke sayarwa, sai akanta ya duba littattafan aƙalla shekara 3, lauya ya karanta takardar hayar gini, a tabbatar ko makin NHS yana cika. Tun 2011 babu mai gudanar da asibitin haƙori a Ingila sai da rajistar CQC, hukumar da ke sa ido kan wuraren kiwon lafiya, kuma samunta yakan ɗauki watanni. Kwangilar NHS ba a sayar da ita kai tsaye, yawanci mai saye yakan shiga tarayya da mai sayarwa, bayan wani lokaci dattijon ya janye ya bar masa. Ma'aikata kuwa doka ta ce da haƙƙoƙinsu suke komawa hannun sabon maigida. Hatsari ma yana nan. A 2020 annobar korona ta rufe asibitocin haƙori daga ƙarshen Maris zuwa 8 ga Yuni, a 2023 kuma Bupa da kansa ya sanar da rufewa ko sayarwa ko haɗe asibitoci 85, yana kuka da ƙarancin likitoci da tsadar gudanarwa.

Likitocinmu da suka yi karatu a Nijeriya suka nufi Ingila sukan bi ta jarrabawar ORE mai kashi 2 kafin su sami rajista. Suna isa ba su da abokan aji ko tsofaffin malamai a ƙasar, wato jarin da takwarorinsu suka fara tarawa tun daga jami'a. Zama cikin 'yan gida kaɗai yana da daɗi, amma asibitin da za a sayar yawanci yana hannun wanda ba ya cikin wannan da'irar.

Don haka, ya kai matashin likita, kada ka jira sai kuɗi sun taru kafin ka fara neman mutane. Je taron kwamitin yankinku tun a shekararka ta farko, ka biya mai haɗa maka haƙora a kan lokaci, ka mutunta nas ɗinka, ka roƙi maigidanka ya koya maka karanta lissafin asibiti. Banki zai ba ka rance cikin 'yan watanni, amma shaidar da za ta sa dattijo ya miƙa maka jama'arsa sai ka shekara kana gina ta.