Zauren Da Ke Haskawa Da Bugun Zuciyar Masu Kallo

A yawancin gidajen nuna kayan fasaha, doka ta farko ita ce kada mai kallo ya taɓa kome. Amma cikin shekarar 2006, a birnin Puebla na ƙasar Meziko, wani gwani mai suna Rafael Lozano-Hemmer ya shirya aikin da sai an taɓa shi yake cika.

Ƙwayayen fitilar lantarki ne masu yawa aka rataya jere cikin zaure mai duhu. A gefe guda akwai ƙarafa biyu. Idan mutum ya riƙe su, sai kwamfuta ta auna bugun zuciyarsa, nan take ƙwan da ke gabansa ya shiga ƙyaftawa daidai da bugun. Da ya saki, sai bugun nasa ya hau ƙwan farko a layi, na waɗanda suka riga shi kuma kowanne ya gusa gaba. Wanda ke ƙarshen layi kuwa, shi ke nan, an share shi.

Abin lura, ƙwan ba ya nuna suna ko muƙami. Babban sakatare da masinja haskensu ɗaya, sai dai saurin bugun ya bambanta.

Shi wannan gwani ilmin kimiyya ya karanta a Kanada. Tunanin ya zo masa sa'ad da ya saurari bugun zuciyar tagwayensa tun suna ciki. Ya kuma tuna da Macario, wani fim na Meziko na 1960, inda aka nuna kogo cike da kyandirori, kowane kyandir ran mutum guda.