Ƙaramin gwaji ko babba: wanne ya fi tsare manhajar babban kamfani?

A shekarar 2016 injiniyoyin Google suka bayyana cewa rumbunsu guda ɗaya yana ɗauke da layukan umarnin kwamfuta kusan biliyan 2. Duk yawan ma'aikata, babu mai iya bin wannan da ido. Dole manhaja ce za ta riƙa gwada manhaja duk lokacin da wani ya taɓa wani abu. Inda ake ja-in-ja shi ne irin gwajin da ya kamata a fi ba ƙarfi.

Ƙaramin gwaji ɓangare ɗaya tak yake kamawa, misali wurin da ke lissafin haraji a kan kaya, ya ba shi lambobi ya duba amsa. Kafin ƙiftawar ido ya gama, in kuma ya faɗi, ya nuna maka inda ɓarakar take. Babban gwaji kuwa kwaikwayon mai amfani yake yi tun daga farko har ƙarshe: ya buɗe shafi, ya shiga asusu, ya zaɓi kaya, ya biya. Shugabanni sun fi son wannan, domin ya yi kama da abin da mai saye zai gani.

Ni dai ina bayan ƙaramin, kuma ba don sauri kaɗai ba. Dalilina shi ne amana. Akwai gwajin da zai wuce yanzu, anjima ya faɗi, alhali ba a canza ko harafi ɗaya ba. Wataƙila intanet ce ta yi jinkiri, ko wata na'ura ta makara wajen amsawa. A 2017 Google ta auna nata na tsawon mako guda: kashi 0.5 cikin ɗari na ƙananan gwaje-gwaje ne suka yi wannan rawar, a manya kuwa kashi 14. Illar ta wuce ɓata lokaci. Injiniyan da gwaji ya sha yi wa ƙarya, da ya ga jan alama sai ya ce a sake kunnawa kawai, ba zai tsaya bincike ba. Ranar da kuskuren gaske ya zo, ta nan zai sulale ya isa hannun jama'a.

Sai dai ƙaramin gwaji makaho ne a mahaɗa. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, ta masu sarrafa kumbon kuma tana ɗaukar lambobin a ma'aunin Newton. Kowane ɓangare na iya cin jarrabawarsa shi kaɗai, a haɗu a ɓata. Irin wannan sai gwajin da ya ratsa ɓangarorin biyu.

Shi ya sa shawarar da aka wallafa a shafin gwaji na Google a 2015 ta kwanta mini: kashi 70 ƙanana, 20 masu duba mahaɗa tsakanin ɓangarori, 10 kacal na farko-zuwa-ƙarshe. Waɗannan goman a ajiye su kan hanyoyin da kamfani ba zai jure lalacewarsu ba, kamar shiga asusu da biyan kuɗi. Duk wanda ya fara rawa a cikinsu, a cire shi daga layi ranar, a damƙa wa mutum ɗaya sananne alhakin gyara shi kafin a maido shi.