Ƙungiyar Kiɗan Gargajiya: Jari, Riba Da Haɗari

Mai niyyar kafa ƙungiyar kiɗan gargajiya a unguwa irin Dala ta Maiduguri ya kamata ya ɗauke ta a matsayin sana'a mai jari da ma'aikata. Jarin farko shi ne kalangu da ganga da algaita, sai lasifika da kuɗin mota. Amma babban nauyi shi ne makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, domin kowannensu yana da kaso a abin da aka samu.

Manyan mawaƙa sun bi hanyoyi biyu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya riƙe tawagar makaɗan kalangu da 'yan amshi, wadda sai da yawan wasa take ɗorewa. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai ya yi suna, ɗawainiyarsa kaɗan.

Mafi yawan kuɗin shiga daga liƙi da kyautar iyayen gida suke fitowa, a bikin aure da suna da naɗin sarauta. Ribar kaset kuwa masu satar fasaha suka cinye, duk da dokar haƙƙin mallaka ta 1988. Dokar hana fita da aka riƙa sanyawa a Maiduguri bayan rikicin 2009 ta kuma nuna haɗarin dogaro da wasan dare.

Saboda haka ƙungiyar da ke son ɗorewa sai ta yi rajista, ta rubuta ƙa'idar rabo, ta kuma karɓi kafin alƙalami kafin a buga ganga.